Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan Sojojin Tebur da Masu Yi Musu Fenti

Tambayarmu ta wannan mako daga Fammar ta fito, can ƙasar Kibiya. Wani matashi ne ya rubuto, ya ce ya sha cin karo da wani irin bidiyo a wayarsa: manyan mutane, wasu har da furfura, sun duƙufa gaban fitila riƙe da siririn buroshi, suna shafa wa wasu 'yan mitsi-mitsin sojoji fenti. Sojojin kuma ba irin na duniyar nan ba ne. Wasu sulken ƙarfe ya rufe su tun daga kai har ƙafa, wasu koraye ne masu haure, wasu ma ƙwari ne riƙe da makamai. In an gama sai a jera su a kan tebur, a ɗauko tef ɗin awo da 'ya'yan ludo, a ce ana yaƙi. Yana son ya san mene ne wannan abu, wasan yara ne ko caca ce, da fentinsu ake sayo su ko mutum ne ke yi da hannunsa, sannan ko wanda ke zaune a Fammar zai iya koya.

Madalla, ɗana, ka yi tambaya mai daɗin amsawa. Yadda ka siffanta sojojin nan, Warhammer 40,000 ka gani, wasan da wani kamfanin Ingila mai suna Games Workshop yake yi. Amma kafin mu iso wurinsa bari mu ɗan koma baya, don ka ga abin ba daga hannun yara ya taso ba, daga barikin soja ya taso. A 1824 wani hafsan sojan Furushiya, wadda wani ɓangarenta yake cikin Jamus ta yau, mai suna Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wani wasa da ya gyara daga na mahaifinsa. Taswira ake shimfiɗawa, a ɗora 'yan gutsattsarin ƙarfe ja da shuɗi a matsayin runduna biyu, alƙali yana gefe yana yanke abin da kowane motsi ya haifar. Sojan ƙasar ya karɓi wasan ya riƙa horar da hafsoshi da shi. A 1913 kuma marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da ɗan littafi mai suna Little Wars, ya tsara yadda za a yi yaƙi a daɓen ɗaki da sojojin dalma da 'yar igwa mai harba sanda. Shi dai Wells ɗin nan shi ne a 1898 ya rubuta labarin yadda halittun duniyar Mas suka kawo wa Ingila hari. Ka ga ke nan wasan sojoji da ƙagaggen labarin kimiyya, wato labarin da ake ginawa kan injuna da taurari da zamanin da bai zo ba, tun a hannun mutum ɗaya suka gamu. Mu ma irin wannan labari ba baƙonmu ba ne, tunda Umaru Dembo ya ba mu Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969.

Games Workshop a Landan aka kafa shi, 1975, abokai uku ne suka haɗa hannu. A 1983 suka fito da Warhammer na farko, na takubba da tsafi. A 1987 Rick Priestley, ɗaya daga masu tsara wasannin kamfanin, ya ɗauki wasan ya kai shi sararin samaniya, ya ce labarin yana faruwa ne bayan shekara ta 40,000, inda 'yan Adam suka bazu a taurari suna yaƙi ta ko'ina. Masu sulken da ka gani Space Marines ake ce musu, korayen kuma Orks, ƙwarin Tyranids. Hedikwatar kamfanin tana Nottingham, kuma a Disamban 2024 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan. Ba shi kaɗai ba ne a fagen. Akwai BattleTech tun 1984, na manyan injuna masu tafiya da ƙafa biyu, akwai Star Wars: Legion na 2018, da wasu da dama.

Wasan kansa ba shi da gurabu irin na dara. Tebur ne fili, a jera masa kangaye da duwatsu na kwali, kowa ya kawo rundunarsa. Kowane soja yana da farashi na maki, sai a yi yarjejeniya, misali kowa ya zo da rundunar maki 2,000, don kada wani ya fi wani. Littafin doka ya faɗi inci nawa soja zai iya tafiya da nisan da bindigarsa ke kaiwa, shi ya sa ka ga tef. 'Ya'yan ludon kuwa su ke nuna ko harbi ya samu ko ya kuskure. Ba a sa kuɗi, wanda ya ci ba ya tafiya da sojan kowa. Don haka ba caca ba ce a ma'anar da muka sani.

Duk da haka ba zan ɓoye maka abin da na san zai zo a ran mutanen gida ba. Abubuwa uku ne. Akwai maganar sassaƙa siffar mai rai, akwai hadisin da ya yi hani kan wasan nardu, wanda da irin waɗannan 'ya'yan ake yinsa, sannan labarin Warhammer kansa cike yake da ƙagaggun alloli da mayaƙansu. Masu wasan ba bauta wa komai suke yi ba, a wurinsu labari ne kawai, kuma malamai sun daɗe suna kawo hadisin kayan wasan Nana A'isha idan ana zancen 'yar tsana. Amma hukunci na malamai ne, ka zauna da malaminka ka faɗa masa abin yadda yake. In zuciyarka ba ta kwanta da siffar mutum ba, ƙofar ba ta rufe ba: tankoki, jiragen sama, ganuwa, gadoji da rusassun birane duk suna cikin sana'ar, kuma akwai mutanen da su kaɗai suke yi.

Yanzu mu zo kan fenti, don nan ne gundarin maganar. Ba da fenti ake sayar da su ba. In ka buɗe kwalin ma ba soja za ka tarar ba, wani firam ne na roba mai ruwan toka, kai a nan, hannu a can, bindiga a wancan gefe, duk a manne yadda suka fito daga injin zubi. Da 'yar filaya mai kaifi ake cire su ɗaya bayan ɗaya. Kowane yanki za ka ga wani siririn layi ya zagaye shi, inda murfin mazubin biyu suka haɗu. Sai an kankare shi da bayan wuƙa, in ba haka ba fenti zai fito da shi fili, ka ga layi ya raba kan soja biyu. Gam ɗin da ake wa robar na musamman ne, yana ɗan narkar da fuskokin biyu ne su haɗe su zama abu guda. Sojan ƙarfe kuwa, ko na rezin, wato wani ruwan sinadari da ke daskarewa ya yi tauri, sai sufa gulu. Da an haɗa, sojan ƙasa bai kai tsawon tsinken ashana ba, wajen milimita 28 zuwa 32 ne.

Ba dole ba ne ka bi hoton kwali. Gwanaye sukan cire kan wannan su ɗora wa wancan, su sauya makami, su ƙara jaka ko tuta. Akwai wani ƙullu mai haɗi biyu, ɓangare ɗaya shuɗi ɗaya rawaya, a murza su har su koma kore. Kafin ya sandare mutum yana da kamar awa ɗaya ko fiye ya sassaƙa gemu, ko alkyabba, ko rawani, da tsinke da jiƙaƙƙen yatsa.

Kafin launi sai an yi fentin share fage, irin wanda masu fentin mota ke fara fesawa, domin fenti ba ya kama roba tsirara. Baƙi yana rufa wa mai koyo asiri, don duk lungun da buroshi bai kai ba sai ya zama inuwa. Fari yana sa launi ya yi haske, amma ba ya yafe kuskure. Ruwan toka yana tsakani. Daga nan sai launin kowane wuri: sulke, fata, bindiga, takalmi. Fentin akirilik ake amfani da shi, wato mai sirkuwa da ruwa, mai bushewa cikin 'yan mintuna.

A nan ne kusan kowane mai koyo yake tuntuɓe, kuma a nan nake so ka tsaya ka ji ni da kyau. Mutum yakan so launi ya rufe a shafa ɗaya, sai ya ɗebo fenti mai kauri ya lafta. Launin zai rufe kam, amma ya tafi da idon soja da maɓallan rigarsa da ƙusoshin sulkensa, sai a bar maka dunƙule. Gwani sirka fentinsa yake yi har ya zama shafar farko ba ta da kyan gani, ana hango abin da ke ƙasa. Ya bari ta bushe sarai, ya sake, wani lokaci ya yi ta uku. Kai ɗan ƙasar Rano ne, tunda Kibiya a cikinta take, kuma tarihin Hausa Bakwai ya kira Kano da Rano sarakunan baba. Ka tambayi duk tsohon da ya san karofi: ba a tsoma zane sau ɗaya a ce ya rinu. A tsoma, a fitar ya sha iska, a sake tsomawa, a haka shuɗin yake nuna har ya kusa baƙi. Fentin soja ma haka yake, yawan komawa ne ke ba shi zurfi, ba kaurin shafa ba.

To me ya sa sojan gwani yake kamar zai yi magana, na mai koyo kuwa yake a daskare, alhali launinsu ɗaya? Amsar tana cikin haske da inuwa. Mutum na gaske in ya tsaya a rana, ƙarƙashin haɓarsa da hammatarsa da ninkin rigarsa duk suna yin duhu, goshinsa da kafaɗunsa suna sheƙi. Soja mai milimita 30 ya yi ƙanƙanta, lungunansa ba su da zurfin da za su yi inuwar da ido zai gani. Sai mai fenti ya zana masa inuwar da hasken da hannunsa. Inuwa ita ce mai sauƙi: akwai wani fenti mai duhu, tsararo ƙwarai, in ka shafa shi sai ya gangara da kansa ya kwanta a cikin lunguna, ya bar tudu. Nan take za ka ga yatsu sun rabu, fuska ta fito. Haske kuwa hanya biyu ne. Ta farko busasshen buroshi: ka ɗebo launi mai haske, ka goge shi a tsumma har ya zama kamar babu komai, sannan ka riƙa sharar sojan sama-sama, ɗan abin da ya rage sai ya maƙale a wuraren da suka taso. Wannan ya dace da gashi, da sarƙar sulke, da dutse. Ta biyu ta fi wuya: ka bi gefen kowane farantin sulke da siririn layi mai haske, kuma da gefen buroshin ake yi, ba da tsininsa ba. Ka zaɓi inda ranarka take, yawanci sama, kada ka sauya mata wuri daga soja zuwa soja.

Ido kuwa, a farko ka ƙyale shi. A kan tebur daga nisan mita ɗaya ake kallon runduna, ba mai ganin ƙwayar ido. Waɗanda ka gani a bidiyo suna zana ta, yawancinsu masu shiga gasa ne, irin Golden Demon da kamfanin ya fara tun 1987, inda gwarzon gasa yake samun takobi. Da yawansu ba su ma damu da wasan ba, fentin ne abincin ransu. Abin da ke sa runduna ta yi kwarjini shi ne launi biyu ko uku da suka ratsa kowa, da kuma gindi iri ɗaya. Gindin shi ne ɗan faifan da soja ke tsaye a kai. A shafa masa farin gam na kafinta, a barbaɗa yashi, a yi masa fenti. A ƙarshe a fesa wa sojan man kariya marar launi kuma marar ƙyalli, don kada gumin hannu ya cinye aikin.

Akwai abin da masu bidiyon Ingila ba za su gaya maka ba, don ba su san hunturunmu ba. Lokacin da iska ta bushe, akirilik yakan sandare a bakin buroshi kafin ka kai shi jikin soja. Maganinsa faranti mai laima: ka sami murfin roba, ka shimfiɗa tishu ko soso siriri ka jiƙa shi, ka ɗora takardar gashin burodi a kai, a kanta za ka riƙa zuba fenti. Laimar tana ratsowa ta ƙasa, fenti ya yi awanni bai bushe ba. Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu, don haka duk sojan da bai bushe ba ka kifa masa kwano. Fentin feshi kuma ba ya son tsakar ranar bazara, yakan bushe a iska kafin ya sauka, ya bar jikin soja da gurzai-gurzai. Ka yi shi da sassafe, a waje, ba cikin ɗaki ba. Da damina in iska ta yi nauyi da laima, man kariya yakan yi fari-fari, sai ka jira ranar da gari ya washe. Kada ka bar sojan rezin a cikin mota ko dab da rufin kwano, takobinsa zai lanƙwashe. In kana goge rezin da sanfefa ka jiƙa shi kuma ka rufe hanci. Tsofaffin sojojin ƙarfe wasunsu da dalma aka zuba su, a nisanta su da bakin yara.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Gaskiya kayan kamfanin da tsada, da fam ɗin Ingila ake sa musu kuɗi, ga kuɗin jirgi ga na kwastan, ba kuma abin da za ka tarar a kasuwar Rano ba ne. Amma ni ban yarda cewa sai da kwalinsu ake fara koyo ba. Yaron da ya taɓa fere kara ya yi mota, ko ya lanƙwasa langa-langa, ko ya gina doki da laka ya shanya, ya riga ya san abin da wasu sai a bidiyo suke koya: yadda ake kallon tarkace a ga abin da zai zama. Murfin kwalba zai yi ƙafar tanki, bututun biro zai yi bakin igwa, cikin mataccen rediyo akwai kayan da za su isa gina tashar jirgin sama, farin soson da ake kare talabijin da shi a kwali zai yi ganuwa. Shi wannan soso kada ka fesa masa fenti kai tsaye, narkewa zai yi, ka fara shafe shi da farin gam.

In ka shiga Kano, masu kayan wasan yara a Sabon Gari sukan sami korayen sojojin roba masu araha, masu kayan makaranta kuma sukan sami akirilik da buroshi. Buroshi biyu sun isa, matsakaici mai tsini da kuma tsoho na shara. Launi shida ma sun isa: baƙi, fari, ja, shuɗi, rawaya da ruwan azurfa, sauran ka haɗa da kanka. Robar waɗannan sojoji mai santsi ce, fenti yakan ɓare. Ka wanke su da sabulu, ka shafa musu farin gam da aka sirka da ruwa, ya bushe, sannan ka fara. Biyar-biyar za ka riƙa yi, launi ɗaya ka bi su duka, kafin ka gama na biyar na farko ya bushe. Dokar wasa kuma ba sai ka saya ba. Lokacin da bugu na 10 na Warhammer 40,000 ya fito a 2023 kamfanin ya saki ainihin dokokinsa kyauta a intanet, kuma akwai Grimdark Future, mai gajerun dokoki, wanda bai damu da inda ka samo sojanka ba.

Abin da na fi so in ga ka yi shi ne rundunar da ba kowa ke da ita ba. Wasan ya yarda mutum ya ƙirƙiri tasa da launinta da tarihinta, kuma masu tsara shi sun ɗebo daga al'ummomi da yawa: White Scars daga mahayan Mongoliya, Tallarn masu rawani daga mayaƙan sahara, har akwai mahaya dawakai riƙe da mashi mai fashewa. To mu me muka rasa? Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Har yau ana fito da su, kuma a Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Ranar hawan Sallah ka je Rano da wayarka, ka kalli mahaya da idon mai fenti. Ka lura da yadda lifidi yake kumbura tsakanin ɗinki da ɗinki, da inda gashin jimina ke tsayawa a kan kwalkwali, da ja da koren dogarai, da jalala a kan sirdi, da inda likkafa ta goge ta yi haske.

Lifidi ba shi da wuyar sassaƙawa. Ka shimfiɗa ƙullun nan siriri a jikin doki ko soja, ka danna layuka masu gicciye da bayan reza tun yana da taushi, tsararon fenti mai duhu zai kwanta a layukan, busasshen buroshi ya fito da kumburin. Rawani kuwa siririn zare ne na ƙullu a naɗa, kuma in kana son sheƙin turkuɗi, ka yi shuɗi mai duhu ƙwarai, ka ɗiga masa ɗan ja ya karkata zuwa makuba, sannan shi kaɗai ka shafa masa man kariya mai ƙyalli. Dokin dai ka ajiye shi tukuna. Jikinsa fili ne mai faɗi, duk sawun buroshi a kansa yake fitowa, sai ka gama sojojin ƙasa goma hannunka ya saba da sirki sannan ka hau kansa, ka fara da akawali, don baƙin doki ya fi kili sauƙin fenti.